Furannin Babanki da Abin da Ban Faɗa Miki Ba a Tasha

Da sunan Allah Mai rahama, Mai jin ƙai.

Zuwa ga 'yata Sa'adatu, autata.

Assalamu alaikum. Bayan gaisuwa mai yawa, ina fatan kin sauka Yamai lafiya, kin iske Gwaggonki Rabi da yaranta cikin ƙoshin lafiya. Allah Ya tsare mini ke a masauki da wurin aiki, Ya raba ki da sharrin hanya da sharrin baki, Ya haɗa ki da mutanen da za su riƙe ki amana. Amin.

Ba labarin gida zan ba ki ba. Kowa lafiya, wannan kina jin sa a waya. Yau kwana tara da tafiyarki, kwana tara kuma ina ɗaukar alƙalami ina ajiyewa. Kin san rubutuna na yaƙi da jahilci ne, inda kika ga harafi ya karkace ki miƙar da shi da kanki. Na so in yi miki maganar nan da baki, amma da na ji muryarki a waya sai harshena ya yi nauyi.

An ce uwa takan yi wa ɗanta nasiha in zai bar gida. Yayanki Habu ya yi miki tasa, liman ya yi miki addu'a, ni kuwa na tsaya a tasha kamar gunki. Me zan ce wa yarinyar da za ta birni aikin rainon furanni, ni da na kwashe rabin rayuwata ina faɗa da furanni? Abin da nake da shi kurakuraina ne. Zan zube miki su ki tsinci abin da zai tsintu. Wasu na gane abin da suka koya mini, wasu har yau ina juya su ban ga kansu ba.

Ba a haife ki ba lokacin da abin ya fara. Babanku, Allah Ya jiƙansa, kamar sauran mazan unguwarmu yake. In an gama girbi, an ɗaure dammunan gero an zuba a rumbu, sai ya ƙetara iyaka ta Ɗan Barto ya tafi Kano cin rani. Wasu ga-ruwa suke yi a can, wasu shayi, wasu dako. Shi Allah Ya haɗa shi da wani babban gida da ke neman mai ban ruwan shuke-shuke. A dawowarsa ta biyu, bayan ya fito da atamfa da sabulu, sai ya zaro wani ƙunshi na jiƙaƙƙen buhu, ya riƙe shi da hannu biyu kamar jariri. Matan maƙwabta sun shigo yi masa sannu da zuwa, har da Hajiya Indo ta bayan gidanmu, kowa ya miƙa wuya. Da ya kwance sai ga 'yan sanduna shida ko bakwai, wasu da ƙaya, da wani ɗan kututture mai kumburarren gindi kamar rogo.

Na ce, "Malam, maganin mene ne wannan?"

Ya ce, "Ba magani ba ne. Fure ne."

"Ana ci?"

"Ba a ci."

"Dabba fa?"

"Kar ma ki bari ta kusance su."

"To me ake yi da shi?"

Ya ce, "Kallo."

Sai na kwashe da dariya, matan suka taya ni. Hajiya Indo ta nuna mai kumburarren gindin ta ce ai wannan ta san ta, kariya ce, wadda wasu ke ce wa ƙarya, fure take ba ta 'ya'ya. Ni kuma don in ƙara wa dariyar armashi na ce, "Mazan mutane na dawowa da rediyo, nawa ya dawo da itacen hura wuta, shi ma ɗanye."

Ya naɗe buhunsa ya zaga. Da la'asar na hango shi durƙushe a gindin katanga yana haƙa da hannu. Daga ranar nan ya daina buɗe mini baki a kan furanninsa.

Auta, in mutum ya zo miki da abu ya riƙe shi da hannu biyu, ki dubi yadda ya riƙe kafin ki dubi abin. Kina iya ƙin sa, amma ki bari sai kun keɓe. Dariyar da aka yi wa mutum a gaban mutane ba a kwashe ta. Sai dai kar ki ɗauka ina cewa ba ni da gaskiya ko kaɗan. A lokacin ba famfo a unguwa. Ni ke jan guga, ni ke ɗauko tulu a ka, kuma in ya tafi ni zai bar wa abin da ba a ci in shayar. In na auna ta nan sai in ga ina da hujja. In na tuna fuskarsa yana naɗe buhun nan sai hujjar ta gudu. Har yau haka nake, ki yi haƙuri da ni.

Sandunan sun kama, ban da biyu. Ku kuna da sunayensu na Faransanci, ni da sunayen da na raɗa musu nake kiransu. Akwai mai dogon ganye siriri, kore shar, wanda ko a tsakiyar bazara ba ya yaushi. Wata bazara, babanku bai dawo ba tukuna, harawa ta ƙare, gawon da ke bakin gona ma an sassabe shi tas. Ina da jar akuya wadda na zo da uwarta daga gidanmu na Kurni, tana da ciki, ta wuni tana kuka. Na dubi wannan kore shar a gindin katanga. Na tuna ya ce kar dabba ta kusance su, na ce a raina ai rowa ce kawai, furensa yake ji. Na karyo rassa biyu na jefa mata. Kafin la'asar tana kumfa tana shure-shure. Kafin a nemo mai duba dabbobi ta gama. Ko fatarta ba mu ɗauka ba, rami aka haƙa mata da abin da ke cikinta.

Ranar da ya dawo na tare shi tun bai ajiye jaka ba.

Na ce, "Ashe guba ka dasa mana a gida."

Ya ce, "Na ce miki kar ta kusance su."

"Ka ce mini guba ce?"

Ya ce, "Da na fara bayani, dariya za ki yi."

A ranar, ko ruwa bai sha ba, ya ɗauki gatari ya sare mai dogon ganyen, ya tone saiwar ya ƙone, ya ce saboda yara. Kariyar ma ya ce ba ta da kirki a ciki, ya cire ta daga ƙasa ya dasa a fasasshiyar randa, ya ɗora a kan tubali inda dabba ba ta kaiwa. Ina tsaye ina kallonsa yana sare abin da ya yi raino shekara uku. Na ci nasara, amma ban ji daɗin komai ba.

Don haka in an hana ki abu ki tambayi dalili, ko da mai hanin zai ɓata rai. In ke kika hana, ki faɗi dalili, ko da za a yi miki dariya. A wurin aikinki mutane za su zo saye don kyau kawai. Ki tambaye su ko akwai yara a gidan, ko akwai dabba, ki nuna musu wanda ke kisa, ko da hakan zai sa su fasa. Amma in kin tambaye ni laifin wa ne mutuwar akuyar, shekaru da yawa ina cewa nasa ne. Daga baya na koma cewa nawa. Yanzu ban sani ba. Shi ya yi shiru don na yi dariya, ni na ƙi tambaya don ya yi shiru. Ta ina aka fara?

Abin ya tsaya mini a rai. Da ya sake tafiya cin rani sai na ƙudurta zan ba shi mamaki. Akwai mai ƙaya da ya dasa a kusurwar katanga ta wajen titi, wanda kika ce mini sunansa bugenbil. Na sa shi gaba da ban ruwa, safe da yamma, ranin nan gaba ɗaya. In na ɗebo tulu uku, ɗaya nasa ne. Ya yi ganye fala-fala, ya hau katanga ya lulluɓe ta, amma ko fure ɗaya. Da babanku ya dawo ya tsaya a gabansa ya riƙe haɓa.

Ya ce, "Wa ya shayar da wannan haka?"

Na ce, "Ni ce."

Sai ya fara dariya, ya yi ta yi har ya zauna a kan turmi. Ya ce, "Zuwaira, ai wannan sai ya ji ƙishirwa yake fure. Kin ƙosar da shi, ya manta da aikinsa."

Raina ya ɓaci. Wata shida ina jido, ga sakamakon. Na shige ɗaki na saki labule. Ya biyo ni har bakin ƙofa, ya daina dariyar, ya ce, "Na gode." Ban amsa ba. Ya ƙara tsayawa kaɗan, ya tafi masallaci. Sai bayan shekaru na gane ranar nan ce kaɗai ya buɗe mini ƙofar da na rufe tun farko, ni kuma na tsaya ramuwar dariya.

Shekarar da ta biyo, saboda fushi, na yi watsi da mai ƙayan. In na tuna in watsa masa ruwan wanke-wanke, in ban tuna ba shi ke nan. Sai ga shi da sanyi ya shigo ya ɓarke da fure, ja mai duhu, sirara kamar takarda, har ganyen ya ɓace a ciki. Ya zubo ta kan katanga zuwa titi. Masu amalanken shanu da ke wucewa ranar kasuwa sai su rage tafiya suna ɗaga kai. Wata amarya daga Kance aka kawo unguwarmu, ƙawayenta suka zo suka roƙi in bar su su ɗauki hoto a gindinsa. Ni da na shayar ban samu ba, da na ƙyale na samu. Wannan kam kar ki nemi darasi a wurina, ban da shi. In kin gano a karatunku ki faɗa mini.

Daga nan na fara lura da abin da ban taɓa lura da shi ba. Ni da aiki nake gane shekara: shuka, noma, girbi, sussuka. Ashe a tsakar gidanmu shekara na da launi. Da damina akwai 'yan ƙanana masu yaɗo a ƙasa, ja da ɗorawa da fari, ba sa buɗewa sai hantsi, kafin la'asar sun rufe. Har na riƙa gane lokacin ɗora tukunya da su. Da kaka masu ruwan ɗorawa sukan bushe a tsaye, babanku ya murje irin a tafin hannu ya zuba a gwangwani. Da sanyi mai ƙaya ya karɓa. In bazara ta tsananta, ƙasa na ƙona ƙafa, kaji sun buɗe baki a inuwa, komai ya yi fari fat, sai kariyar nan da ba ko ganye ɗaya a jikinta ta fito da fure mai ruwan hoda a kan tsirarun rassa. Ka rasa daga ina ta samo shi.

Kin san abin da ke ɗaure mini kai? Mafi kyawunsu da rani suke fure, lokacin da shi yana Kano yana shayar da na wasu. Na damina kaɗai yake gani. Ni da ba na so, ni ke gani. In ya dawo sai ya tambayi yara, "Ya yi fure bana?" Su ce ya yi. "Da yawa?" Su ce da yawa, su ruga wasa. Ina jin su daga madafa. Ni ce na san ranar da ya fara, na san reshen da ya fi, na san tsuntsayen da ke zuwa masa da safe. Ni ce na matsar da turmina kusa da katangar, na ce wa Hajiya Indo don inuwa ne, alhali inuwar ɗaki ta fi. Da na buɗe baki sau ɗaya na ce, "Malam, bana ya yi kyau," da ban san irin farin cikin da zai yi ba. Ban faɗa ba. Ina ganin kamar in na faɗa na sauka daga maganata ta farko.

An koya mana kunya, ban ce ki yar da ita ba. Amma akwai abin da muke kira kunya alhali girman kai ne ya yafa mayafi. In abu ya ba ki sha'awa a hannun mutum, ki gaya masa yana raye yana ji. In kin sauya ra'ayi ki ce kin sauya. Ba wanda aka taɓa kamawa don ya ce da ban so ba, yanzu ina so.

Yanzu na zo inda nake ta kewaye-kewaye don kar in zo.

Da kika fara tafiya sai kika zama inuwar babanku. Duk damina kina bayansa da ɗan gwangwaninki. Bayanin da bai yi mini ba, ke ya yi wa. Ina jin ku a gindin katanga, yana ce miki wannan ba ya son rana, wancan a karya masa kai ya yi rassa. Shekarar da kika cika goma, ranar da zai tafi, ya kira ki gaban randar nan.

Ya ce, "Sa'a, daga yau kariyar nan taki ce. Gwangwani ɗaya, ran Juma'a. Kar ki ƙara, kar ki rage."

Kika ce, "To, Baba."

Ni kuwa ya leƙo madafa ya ce, "Sai Allah Ya dawo da ni," kamar kowace shekara. Na ce Allah Ya kiyaye hanya, hannuna cikin ƙullu.

Da hadari ya fara haɗuwa a gabas abokan tafiyarsa suka dawo gyaran gona, ban da shi. Ya aiko cewa an kawo sababbin dashe a gidan da yake aiki, bai samu wanda zai bar wa ba, zai ƙara sati biyu. Cikin sati biyun zazzaɓi ya kama shi. Kwana uku. An kira Habu a waya bayan an riga an kai babanku makwancinsa. Ba mu ga gawa ba, ba mu san kabari ba. Jakarsa kawai aka kawo, da tufafinsa da wani ƙullin iri a takarda.

Kin tuna zaman makokin, amma akwai abin da ba ki gani ba. A satin nan kariyar ta yi furen da ba ta taɓa yi ba. Ta cika randa, har rassan suka ɓuya. Ina zaune a ƙofar ɗaki cikin takaba, ba kwalli ba turare, ita kuma tana gabana ta caɓa ado. Wata mata da ta zo gaisuwa ta gama kukanta, ta tashi za ta fita, ta tsaya ta ce, "Kai, wannan fure da kyau yake!" Na ji kamar ta mare ni. Ke kuma kina gidan Hajiya Indo yawancin lokaci, kina kuka, Juma'a uku suka wuce ba ki tuna da gwangwaninki ba. Wa zai tuna?

Bayan kin koma lakwal, makarantarku ta boko, wata rana da tsakar rana, gida ba kowa, na ɗora ruwan tuwo. Ya tafasa. Maimakon in yi talge sai na sa tsumma na sauke tukunyar, na taka har gaban randar, na juye shi duka a gindin kariyar. Tururi ya tashi. Na koma na ɗora wani ruwan na yi tuwo kamar ba abin da ya faru. Washegari na sake. Rana ta uku na sake. Furen ya zube. Gindin ya yi laushi kamar ruɓaɓɓiyar kabewa, ya fara wari.

Kika dawo daga lakwal, kika tsaya a gabanta da jakarki a kafaɗa. Kika danna gindin da babban yatsa, yatsan ya shige. Kika juyo kika ce, "Inna, Juma'a uku ban ba ta ruwa ba."

Ina tankaɗe. Kina kallona. Na ce, "Allah Ya ƙaddara."

Abin da na ce ke nan. Ban ɗago kai ba.

Kwana biyu ba ki ci abinci ba, aka ce kewar uba ce. Daga nan kika fara tsintar gwangwanaye a bola, kika shuka irin da aka samu a jakarsa. Tun ranar ban ga kin tsallake ban ruwa ba, ko kina zazzaɓi sai kin rarrafa kin yi. Kika yi kolej, kika yi lise, kika gama sakandare, aka ce ki zaɓi karatu kika zaɓi na tsirrai. Ina kallo. Sau nawa na buɗe baki, sau nawa na ce wa kaina ciki ba don tuwo kaɗai aka yi shi ba. Da maganar aikin Yamai ta taso, kin ji na ce wa Habu rainon fure ba aikin ɗiya mace ba ne, ba aikin kowa ba ne ma. Ba abin da ke raina ke nan ba. Tsoro nake, fure ya ɗauke mini ɗaya bai dawo ba, ga shi zai ɗauki ta biyu. Ƙarƙashin wannan tsoron kuma akwai wani, wanda ban iya kalla ba.

Sai ranar tafiyarki. Mota ta cika, direba ya tayar, kika leƙo ta taga kika ce, "Inna, na bar miki furannina na bayan ɗaki. Kar ki bari su mutu kamar yadda na bar ta Baba." Kafin in haɗiye yawu motar ta ja.

Shekara goma sha biyu, Sa'a. Ni ina cewa yarinya ce, ta manta.

Ranar kasuwar da ta wuce na je wurin wani tsoho mai sayar da dashen mangwaro da lemo. Na yi kamar ciniki nake, na ce, "Baba, kariya in ta yi sati uku ba ruwa tana mutuwa?" Ya dube ni ya yi dariya. Ya ce, "Iya, ko wata uku ta yi ba ta san an yi ba, ruwanta na cikin gindinta. Ƙishirwa busar da itace take, ba ta ruɓar da shi. In kin ga ta ruɓe, wani abu aka zuba mata." Na dawo gida ban san ta inda na biyo ba.

Ga abin da ya hana ni sukuni tun ranar. Abin da tsohon kasuwa ya sani, ke da kika yi shekaru kina karatunsa ba za ki rasa sani ba. Ke ce ma kika taɓa ce mini kariya tana 'ya'ya, dogaye kamar ƙahon akuya, wai karin maganar ne bai duba da kyau ba. To in kin san ƙishirwa ba ta ruɓar da ita, me ya sa kika faɗa mini haka ta taga? Ko kin daɗe da ganewa, kina jira in faɗa da bakina, shi ne kika ba ni dama ta ƙarshe na kasa? Ko kuwa karatun ya shiga kanki, amma yarinyar nan mai jaka a kafaɗa tana nan a cikinki, har yau ta yarda ita ta kashe? Na juya maganar ta kowace fuska. In na farko ne, kunya ta ishe ni. In na biyu ne, ban san inda zan sa kaina ba.

Za ki tambaye ni dalili. Na tambayi kaina fiye da yadda za ki tambaye ni. Wata rana in ce haushin furanni ne, don su suka riƙe shi sati biyun nan. Wata rana in ce haushinsa ne, da ya fi tausayin dashen wasu a kan gonarsa. Wata rana kuma, Allah Ya yafe mini, in ce ke ya kira gaban randa ya bar wa abu a hannu, ni ya leƙo madafa kawai. Na kuma san ina son kariyar nan, na fi kowa kallonta. Yaya mutum zai so abu ya zuba masa tafasasshen ruwa har sau uku? Ban sani ba. Ba zan ƙirƙiro miki amsa don takarda ta yi kyau ba.

Nasihar da zan iya yi miki a nan guda ce, kuma da tsada na saye ta. Kar ki taɓa barin wanda bai kai ki ƙarfi ba ya ɗauki laifinki. In abu ya lalace a hannunki a wurin aiki, ki faɗa tun ba a juya an dubi wani ba. Ki faɗa a ranar. Ranar farko kalma ɗaya ce. Ni da na bari, ga shi takarda huɗu ban gama ba.

Ba ke kika kashe kariyar babanki ba. Ni ce. Ko Juma'a goma kika manta da ta rayu. Kin riƙe amanar da ya ba ki, ba ki ƙara ba, ba ki rage ba, uwarki ce ta shiga tsakani.

Saboda haka ki zauna ki tambayi zuciyarki, ni ba zan iya tambayar miki ba. In kin tafi Yamai ne don ki wanke laifin nan, to babu laifin da za ki wanke. Ki zaɓi duk abin da kike so a duniya, ko ki dawo gida, ɗakinki na nan. In kuwa son abin ne tsakani da Allah, irin son da na gani a hannun babanku, to ki zauna ki yi aikinki da kyau. Na janye maganar da na yi wa Habu. Na sa miki albarka, wadda ya kamata in sa miki a tasha.

Na bayan ɗaki suna nan, goma sha ɗaya. Ina bin abin da kika rubuta da gawayi a bango. Ɗaya ya fara zubar da ganye. Ban san ko mutuwa yake ba ko lokacinsa ne, ban taɓa shi ba, ban ƙara masa komai ba, ina jiran ki faɗa.

Ki yafe mini, Sa'a. Ban ce yau ba, ban ce gobe ba. In kin yi fushi ki yi, haƙƙinki ne, ba zan kai ƙararki wurin kowa ba. Abu ɗaya nake roƙo: in kin riga kin sani, ki gaya mini tun yaushe.

Ki gaishe da Gwaggonki Rabi da kyau, ki yi mata biyayya, kar ki yi wasa da salla. Allah Ya jiƙan babanku, Ya haskaka kabarinsa a inda yake. Allah Ya tsare fitarki da shigarki, Ya kare ki daga ciwo a baƙon wuri, Ya sa albarka a duk abin da hannunki ya dasa. Ya nuna mini fuskarki cikin alheri, Ya ba ni ƙarfin kallonta. Amin summa amin.

Wassalam.

Innarki,
Zuwaira